Arthur Kornberg: Ɗan maɗinkin da ya gano yadda jiki ke kwafar DNA

Arthur Kornberg likita ne ɗan ƙasar Amurka da bai daɗe yana duba marasa lafiya ba. Shekara ɗaya ya yi yana aikin asibiti, ya ƙara da 'yan watanni a jirgin ruwan soja, daga nan ya shiga ɗakin bincike, bai sake fita ba sai da mutuwa ta ɗauke shi a shekarar 2007 yana da shekara 89. Duk da haka, da wuya a sami babban asibiti a yau da ba ya cin moriyar aikinsa. Idan aka ɗiga jinin jariri a kan takarda a Tambuwal ko Kebbe aka aika da shi gwaji don a san ko ya ɗauki cutar ƙanjamau daga mahaifiyarsa, ko aka saka majinar mai tari a na'urar GeneXpert don neman tarin fuka, sinadarin da ke yin aikin a cikin na'urar ɗan dangin wanda Kornberg ya fara tacewa ne a 1956.

Wani ɗan dangin sinadarin kuma yana aiki a jikin kowane ɗan Adam dare da rana, a cikin wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya, waɗanda ke samar wa jiki ƙarfi. Yau masana na iya haɗa wannan sinadari na ɗan Adam a ɗakin gwaji, su sa shi aiki a cikin kwalba, su gwada magani a kansa kafin a bai wa mutane. Hanyar da aka bi aka kai ga haka ta faro ne daga wannan mutum.

Haihuwa da tasowa

An haifi Arthur Kornberg ranar 3 ga Maris, 1918, a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Iyayensa, Joseph da Lena, Yahudawa ne da suka yi ƙaura a 1900 daga yankin Galisiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Ostiriya. Mahaifinsa bai yi karatun boko ba, amma yana jin harsuna aƙalla shida. Kusan shekara 30 ya yi yana taka keken ɗinki a masana'antun tufafi na New York, inda aiki ke da yawa, lada kuwa kaɗan. Da lafiyarsa ta fara ja baya, sai ya buɗe ƙaramin shagon sayar da kayan gini da na gyaran gida a Brooklyn. Tun yana ɗan shekara 9 Arthur ya fara tsayawa a shagon yana sallamar masu saye.

Yaro ne mai kaifin basira, har aka riƙa tsallakar da shi aji. Ya shiga kwalejin birnin New York, wadda ba a biyan kuɗin karatu a cikinta a wancan zamani, ya kammala digirin kimiyya a 1937 yana da shekara 19. A tsawon karatun yana aikin sayar da kaya a kantin tufafi da yamma da ranakun hutu, yana tara abin da zai biya makarantar likitanci.

Samun gurbi bai zo da sauƙi ba, domin makarantun likitanci na Amurka a lokacin suna ƙayyade yawan Yahudawan da za su ɗauka. Jami'ar Rochester ta karɓe shi, ya fito likita a 1941. Wannan wariya ta tsaya masa a rai har tsufansa.

Yana ɗalibi ya lura cewa farin idonsa kan yi ɗan rawaya kamar mai shawara, alhali lafiyarsa lau. Sai ya auna jininsa, ya bi 'yan ajinsa yana auna nasu, ya gano akwai wasu masu irin halinsa. Yanayi ne na gado marar haɗari da likitoci ke kira ciwon Gilbert. Ya rubuta abin da ya gani, aka buga a 1942. Wannan 'yar takarda ce ta sauya masa rayuwa.

Daga jirgin ruwa zuwa ɗakin bincike

Yaƙin Duniya na Biyu na kan ganiyarsa lokacin da ya gama aikin sanin makama a asibitin Strong Memorial, aka tura shi likitan jirgin ruwa a rundunar tsaron gaɓar teku. Shugaban cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, wadda ake kira NIH a taƙaice, Rolla Dyer, ya ga takardarsa a daidai lokacin da cutar shawara ke damun sojoji. Sai ya sa aka dawo da shi tudu, aka ba shi aiki a sashen nazarin abinci.

Daga 1942 zuwa 1945 aikinsa shi ne ciyar da ɓeraye abinci iri-iri don neman sababbin sinadaran bitamin. Aikin ya gundure shi, kuma ya fahimci cewa an riga an gano yawancin bitamin ɗin. Abin da ya rage shi ne a san aikin da suke yi a cikin jiki, amsar kuwa tana wurin wasu sinadarai da ake kira enzayim.

Enzayim nau'in furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya gudanar da wani aiki guda. Wani yana narkar da abinci, wani yana ƙona sukari, wani yana haɗa ƙananan abubuwa su zama babba. Dubbai ne a cikin kowace ƙwayar halitta, a cakuɗe. Mai son sanin aikin ɗaya dole ya niƙa nama ko ƙwayoyin bakteriya, ya yi ta tacewa mataki-mataki, yana zubar da abin da ba ya so, har ya rage saura wanda yake nema shi kaɗai. Aiki ne mai cin watanni ko shekaru, galibi a ɗaki mai sanyi don kada sinadarin ya lalace.

Kornberg ya koyi wannan sana'a a 1946 wurin Severo Ochoa, ɗan asalin Sifaniya, a Jami'ar New York, sannan a 1947 wurin Carl Cori da matarsa Gerty Cori a Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis. Ya koma NIH ya shugabanci sashen enzayim har 1953. A nan ya kafa ƙa'idar da ya riƙe duk rayuwarsa: duk abin da ƙwayar halitta ke iya yi, masani zai iya maimaita shi a kwalba idan ya tace sinadaran da kyau, kuma ɓata lokaci ne yin nazari da sinadarin da bai tacu ba.

Gano mai kwafar DNA

A 1953 aka naɗa shi shugaban sashen nazarin ƙananan halittu a Jami'ar Washington. A wannan shekarar ce James Watson da Francis Crick suka bayyana siffar DNA a Cambridge ta Ingila, bisa hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka ɗauka.

DNA shi ne kundin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Siffarsa kamar igiya ce mai tufka biyu, kowane sili ɗauke da jerin haruffa huɗu, A da T da G da C. Harafin A kullum yana fuskantar T a ɗaya silin, G kuma yana fuskantar C. Saboda haka idan aka warware igiyar, kowane sili ya isa a sake gina abokinsa daga gare shi. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, wajibi ne a kwafi kundin gaba ɗaya, kamar yadda marubutan Sakkwato na dā ke ajiye uwar littafi a gabansu su kwafe ta harafi bayan harafi. Watson da Crick sun nuna cewa kwafin mai yiwuwa ne. Marubucin da ke yin sa kuwa ba a san shi ba.

Kornberg ya tunkari matsalar daga tushe. Ya fara da gano yadda jiki ke ƙera haruffan kansu, ya shafe shekaru a kan haka. Bayan nan ya niƙa bakteriyar hanji mai suna E. coli, wadda ke rabuwa biyu cikin kimanin minti 20, ya zuba mata harafi guda da aka yi wa alamar da na'ura ke iya ƙirgawa, ya duba ko harafin zai shiga cikin DNA. Abin da ya shiga a gwajin farko kaɗan ne ƙwarai, wanda wani zai ɗauka kuskuren na'ura ne. Shi da abokan aikinsa, Robert Lehman da Maurice Bessman da Ernest Simms, suka bi wannan 'yar alama suna tacewa. A 1956 suka sanar da samun enzayim ɗin, aka raɗa masa suna DNA folimares.

Sun nuna cewa yana buƙatar haruffan huɗu duka, da gishirin maganiziyam, da tsohon DNA da zai kwafa. Idan aka rage ɗaya, aiki ya tsaya. Kuma sabon DNA da ya fito yana bin tsarin wanda aka ba shi ne, ko na bakteriya ne ko na dabba. Wannan shi ne karo na farko da aka ga enzayim yana karɓar umarni daga abin da aka ajiye masa.

Matarsa, Sylvy Ruth Levy, wadda ya aura a 1943, masaniyar sinadaran jiki ce, kuma tana cikin aikin. Ita ta bi diddigin wani gurɓataccen enzayim da ke lalata ɗaya daga cikin haruffan huɗu yana hana gwajin tafiya.

Da suka aika da sakamakon ga mujallar Journal of Biological Chemistry a 1957, masu tantancewa suka ƙi amincewa, har wasu suka hana a kira abin da aka haɗa da sunan DNA. Sai da sabon edita, John Edsall, ya kama aiki sannan aka buga takardun a 1958. Shekara guda bayan haka, a 1959, aka bai wa Kornberg lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci tare da malaminsa Ochoa. Yana da shekara 41.

Stanford da hayaniyar 1967

A 1959 ya koma Jami'ar Stanford a jihar Kalifoniya, ya kafa sashen nazarin sinadaran jiki, ya tafi da yawancin abokan aikinsa na St. Louis. Tsarin da ya shimfiɗa baƙo ne a jami'o'i. Malaman sashen suna zuba kuɗin bincikensu a asusu ɗaya, ɗalibansu na zama a cakuɗe a ɗakuna, kuma enzayim ɗin da wani ya sha wahalar tacewa yana cikin firiji, kowa na iya ɗiba.

A 1967, tare da Mehran Goulian da Robert Sinsheimer, ya kwafi DNA na wani ƙaramin bairas mai kama bakteriya, mai haruffa sama da 5,000, ya haɗe bakinsa da wani sabon enzayim mai suna laiges. Da aka zuba kwafin a kan bakteriya, sai ya kama ta kamar na asali. Ma'anar haka ita ce folimares ya kwafi dubban haruffa ba tare da kuskuren da zai ɓata saƙon ba.

Ranar 14 ga Disamba, 1967, aka sanar da labarin. Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya ambace shi a jawabinsa, jaridu suka yi ta yayata cewa an ƙirƙiri rai a cikin kwalba. Kornberg bai yarda da wannan fassara ba. Uwar kwafin daga bairas mai asali aka ɗauko ta, enzayim ɗin daga bakteriya mai rai aka tace shi, kuma sabon DNA bai iya komai ba sai da ya shiga ƙwayar halitta mai rai. Abin da aka yi kwafi ne da kayan aikin da aka tarar a cikin halitta.

Shekarun suka

Bayan shekara biyu, ƙalubale mafi girma ya taso masa. A 1969 John Cairns da Paula De Lucia, a cibiyar Cold Spring Harbor, suka bincika dubban nau'o'in E. coli har suka sami ɗaya wanda kusan ba shi da aikin folimares ɗin Kornberg, amma yana hayayyafa lafiya. Ke nan akwai wani enzayim daban da ke yin babban kwafin. Wata mujallar kimiyya ta Ingila ta yi ta rubuce-rubuce tana nuna cewa Kornberg ya ɓatar da masana shekara goma, kuma hanyar tace enzayim ba za ta kai ko'ina ba.

Amsar ta fito daga cikin gidansa. Ɗansa na biyu, Thomas, wanda ke karatun kiɗa da kimiyya a New York, ya shiga ɗakin binciken Malcolm Gefter a Jami'ar Columbia, ya yi amfani da nau'in bakteriyar Cairns, ya gano folimares na biyu da na uku a tsakanin 1970 da 1971. Na ukun shi ne babban marubucin E. coli. Na farkon, wato na mahaifinsa, aikinsa gyara ne da cike giɓi.

Kornberg ya karɓi sakamakon ya ci gaba da hanyarsa. A 1972, shi da ɗalibinsa Douglas Brutlag suka nuna cewa folimares yana duba abin da ya rubuta, idan ya sa harafin da ba daidai ba ya koma baya ya goge. A cikin shekara goma sha da suka biyo baya ɗakinsa ya tace furotin ɗaya bayan ɗaya: mai warware igiya, mai riƙe silin da aka warware, mai ɗora tubalin farko. Zuwa 1984 sun haɗa su duka a kwalba sun sa su fara kwafin DNA na bakteriya daga mafarinsa. Littafinsa mai suna DNA Replication, wanda ya fito a 1980, ya zama abin dogaro ga masu wannan fanni.

Enzayim ɗin da aka raina kuwa shi ya zama kayan aikin kowa. Paul Berg, abokin aikinsa tun St. Louis, ya yi amfani da shi tare da laiges a 1972 wajen haɗa DNA na halittu biyu daban, abin da ya buɗe ƙofar sa bakteriya ta ƙera furotin na ɗan Adam, kamar insulin na masu ciwon sukari da aka amince da shi a 1982. Frederick Sanger ya yi amfani da wani yanki nasa a 1977 wajen ƙirƙiro hanyar karanta haruffan DNA. Kary Mullis ya fara gwajin PCR da shi a 1983, kafin a maye gurbinsa da ɗan uwansa mai jure zafi, Taq, wanda aka samo daga bakteriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi a gandun Yellowstone. Da irin wannan gwaji ɗakunan binciken shan inna na Ibadan da Maiduguri ke tantance nau'in ƙwayar cutar, da shi kuma aka yi gwajin korona a 2020.

Janaretan cikin jiki

A cikin kusan kowace ƙwayar halittar mutum akwai ɗaruruwa ko dubban maitokondiriya. Su ne ke karɓar abincin da aka narkar da iskar da aka shaƙa su mayar da su ƙarfi, kamar yadda janareta ke mayar da fetur wuta. Sassan da suka fi cin ƙarfi, irin su ƙwaƙwalwa da zuciya da hanta da tsoka da jijiyoyi, su suka fi dogara da su.

A 1963 Margit Nass da Sylvan Nass suka gano cewa maitokondiriya na da nata DNA, daban da babban kundin da ke tsakiyar ƙwayar halitta. A 1981 ɗakin Sanger ya karanta na ɗan Adam gaba ɗaya: zobe ne mai haruffa 16,569, ɗauke da umarnin ƙera furotin 13, waɗanda in babu su janaretan ba ya tashi. Daga uwa kaɗai ake gadon wannan zobe.

Shi ma zoben dole a riƙa kwafarsa, kuma babban marubucinsa shi ne folimares gama. An gano shi a shekarun 1970, amma yana da ƙaranci a jiki, tace shi daga nama na da matuƙar wuya. A 1996 Philip Ropp da William Copeland a Amurka suka ware umarnin gadon da ke ƙera shi a jikin mutum, wanda ake kira POLG. Jerin haruffan ya tabbatar da cewa folimares gama ɗan gida ɗaya ne da folimares na farko na Kornberg. Enzayim ɗin da aka ce ba shi ne babban marubuci ba a bakteriya, ɗan uwansa ne babban marubuci a janaretan jikin mutum.

Samun umarnin ya ba da damar ƙera furotin ɗin a ɗakin gwaji. Ana saka umarnin cikin E. coli, ko cikin wani bairas mai kama ƙwari, a zuba shi a kan ƙwayoyin halittar ƙwaro da ake renonsu a kwalba, su yi ta ƙera furotin na mutum, sannan a tace. Ƙwayoyin da aka fi amfani da su, masu suna Sf9, an samo asalinsu ne daga ƙwaron nan da tsutsarsa ke cin masara da dawa, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016 ta addabi manoma. Abin da ke ɓarna a gona shi ne ma'aikaci a ɗakin bincike.

A 2001 aka gano furotin mai warware igiyar zoben, aka sa masa suna Twinkle. A 2004 ɗakin Maria Falkenberg a cibiyar Karolinska ta ƙasar Suwidin ya haɗa furotin uku da aka ƙera a ɗakin gwaji, wato folimares gama da Twinkle da mai riƙe sili da ake kira mtSSB. Folimares shi kaɗai bai iya bi ta igiya mai tufka biyu ba. Da aka haɗa shi da Twinkle sai ya fara tafiya, da aka ƙara na ukun suka rubuta DNA mai tsawon haruffa kusan 16,000, daidai girman zoben. Hanyar Kornberg ce sak, shekara 20 bayan ya yi haka da bakteriya, kuma yana raye ya ga hakan.

Abin da ya shafi marar lafiya

Amfanin wannan aiki ya fi bayyana a fannin magani. Tun 1969 ɗakin Kornberg ya nuna cewa idan aka bai wa folimares gurgun harafi, wanda ba shi da maƙalin da na gaba zai kama, rubutu na tsayawa cak. A kan wannan dabara magungunan ƙanjamau na farko suke aiki: haruffan bogi ne da ke yaudarar enzayim ɗin bairas. Matsalar ita ce wasunsu na yaudarar folimares gama ma. Idan haka ta faru, zoben maitokondiriya sai ya riƙa raguwa, janareta ya yi rauni.

A 1993, a wani gwajin maganin ciwon hanta nau'in B mai suna fialuridine a cibiyar NIH, mutum 5 cikin 15 suka mutu, wasu 2 kuma sai da aka yi musu dashen hanta. Bincike ya nuna maganin ya lalata musu maitokondiriya ne.

Najeriya ma ta ga nata rabon. Shirin gwamnatin tarayya na raba maganin ƙanjamau da aka fara a 2002 ya dogara ne da haɗin magunguna uku, ciki har da stavudine. Maganin ya ceci rayuka masu yawa a lokacin da babu wani mai araha kamarsa. Amma masu shan sa da dama sun yi fama da ramewar kumatu da gaɓoɓi, da zafi ko mutuwar tafin ƙafa, wasu kuma da taruwar tsami a jini mai iya kisa. Gwaje-gwajen da aka yi da folimares gama na ɗakin gwaji sun nuna cewa yana karɓar stavudine da sauƙi, yana kuma wahalar goge shi, alhali tenofovir da lamivudine ba su cika yaudararsa ba. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su janye stavudine sannu a hankali. Yau duk sabon magani na wannan rukuni ana auna illarsa ga maitokondiriya kafin ya yi nisa.

Akwai kuma cututtukan gado. Umarnin POLG yana cikin babban kundi ne, don haka ana gadonsa daga uwa da uba. Tun 2001 aka fara danganta kurakuransa da cuta, kuma zuwa yau an san ɗaruruwansu. Wasu kan jawo saukar fatar ido da raunin tsoka ga manya. Mafi tsanani shi ne ciwon Alpers, wanda ke kama yara da farfaɗiya mai wuyar magani da lalacewar hanta. Yana bayyana ne idan yaro ya gaji kuskuren daga iyayensa biyu, kamar yadda sikila take, shi ya sa haɗarin irin waɗannan cututtuka ke ƙaruwa inda auren zumunci ya yi yawa. Maganin farfaɗiya mai suna valproate, wanda ake amfani da shi sosai, yana iya kashe hantar irin wannan yaro, don haka an gargaɗi likitoci kada su ba da shi ga wanda ake zargin yana da ciwon. Idan aka sami sabon kuskure a jikin marar lafiya, masana kan ƙera furotin mai ɗauke da kuskuren su gwada shi a kwalba, su ga ko saurinsa ne ya ragu ko gogewarsa ce ta lalace.

Iyalinsa da ƙarshen rayuwarsa

Kornberg da Sylvy sun haifi 'ya'ya maza uku. Babban, Roger, ya sami lambar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2006 saboda bayyana yadda ake karanta umarnin DNA, mahaifinsa kuma ya halarci bikin a Stockholm, shekara 47 bayan nasa. Thomas ya zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. Ƙaramin, Kenneth, mai zanen gine-gine ne da ya ƙware a ɗakunan bincike. Sylvy ta mutu a 1986. Ya auri Charlene Levering a 1988, ita ma ta mutu a 1995, sannan ya auri Carolyn Dixon a 1998. Cikin ɗalibansa akwai Randy Schekman, wanda ya sami Nobel a 2013.

An san shi da tsanani a wurin aiki da tsantseni wajen kashe kuɗi, halin da ake dangantawa da tasowarsa a shago. A 1980 ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin bincike na DNAX. Duk da haka ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana jan hankalin hukumomi cewa su ba da kuɗi ga binciken da ba a ga ribarsa nan take ba, yana kafa hujja da cewa manyan nasarorin likitanci daga irin wannan bincike suka fito. Rayuwarsa shaida ce. A 1956 babu wanda ya tambaye shi cutar da folimares zai warkar, kuma da an tambaya ba shi da amsa.

Wannan batu ya shafi jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta a Sakkwato, inda marasa lafiya daga kudancin jihar ke zuwa idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma. Yawancin enzayim ɗin da ɗakunan gwajin ƙasar nan ke aiki da su daga waje ake sayo su da kuɗin waje, a kawo su cikin sanyi, kuma ɗaukewar wuta ta kwana ɗaya na iya lalata su. Dabarar ƙera su a cikin bakteriya a rubuce take tun shekaru da dama. Abin da take buƙata shi ne wuta tsayayya, da kuɗin da ba ya yankewa, da masana da aka bar su su daɗe a kan aiki ɗaya.

Daga wajajen 1990 Kornberg ya koma nazarin wani tsohon sinadari mai suna folifosfet, wanda yawancin masana suka yi watsi da shi. Yana kan wannan aiki a ɗakinsa na Stanford har 'yan kwanaki kafin ciwon numfashi ya kwantar da shi. Ya mutu ranar 26 ga Oktoba, 2007.